Keken Lantarki: A Auna Hanyar Gida Kafin A Biya Kuɗi

Mai girma Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, shugaban ƙungiya, ƙannenmu da 'ya'yanmu mazauna birane, Allah Ya ƙara mana zumunci.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a shekarar 2024. Malaman firamare da yawa sun jingine baburansu a zaure, sun koma tafiyar ƙasa. Wannan ya sa wasunku ke shawarar sayen keken lantarki, ko don zuwa aiki da shan iska da yamma, ko don aiko wa iyaye da ƙanne a gida. Shawara ce mai kyau, domin keke ba baƙonmu ba ne. Raleigh da ake harhaɗawa a Kano shi ne dokin malaman zamaninmu. Sai dai wannan sabon keken tsadarsa tana cikin batirinsa, don haka daga nan za mu fara.

A jikin kowane batir an rubuta lamba biyu, misali 48V da 12Ah. A ninka su, za a sami 576, wato yawan wutar da yake ɗauka ke nan. Irin wannan, a kan kwalta, mahayin yana taimakawa da feda, zai kai kilomita 40 zuwa 50. Tsakanin Bichi da Kano kusan kilomita 40 ne, ke nan zuwa kaɗai zai yi, sai an yi caji kafin a dawo. Lissafin kwalta fa ke nan. Hanyarmu ta gida burtali ce mai rairayi, ga buhun gero a kan kariya, ga ɗan makaranta a baya. A nan wutar kan ƙare tun ba a je ko'ina ba, lissafin da mai shago ya yi a birni kuwa bai san burtali ba.

Batirin iri biyu ne. Mai dalma ya fi araha, amma yana da nauyi, kuma yana saurin mutuwa. Na litiyam ya fi tsada, ba shi da nauyi, yana daɗewa. Mu dai na litiyam muke ba da shawara, kuma wanda ake iya cirewa a kai shi inda wuta take, domin caji yakan ci awa 4 zuwa 6, ƙauyukanmu da yawa kuma sai dai sola. Kada a bar shi a rana cikin bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kada kuma a yi masa caji a ɗakin kwana da wata caja da ba tasa ba, saboda gobara.

Akwai waɗanda ake kira keke alhali babura ne, fedarsu ta ado ce kawai. Idan wuta ta ƙare wa dattijo a hanyar kasuwar Dambatta, turawa zai yi har gida. A zaɓi mai feda ta gaske da taya mai faɗi, wadda mai facin garinmu yake da irin tif ɗinta, domin ƙaya ba ta san keke mai tsada ba. A tambayi mai sayarwa nawa ne sabon batir, kuma ina ake samunsa, tun kuɗi suna aljihu.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne ta duba yiwuwar kafa rumfar caji ta sola kusa da makarantar firamare, ta kuma ɗauki nauyin matasa biyu su je Kano su koyi gyaran injin da batirin. Mun miƙa wannan ga kwamitin ayyuka kafin taron baɗi.