In Mota Ta Shaƙe Wajen Tashi

Maganarmu ta yau a kan mota ce, irin wadda mu ke kira a-kori-kura. Ba dukanmu ke da mota ba, amma dukanmu muna shigarta. Ita ke kai gero da dawa da albasarmu kasuwa, ita ke kai mara lafiya asibiti. Saboda haka lafiyarta ta shafi kowa.

Kwanan baya mun shiga wata tsohuwar a-kori-kura daga wani ƙauye za mu Kajiji. Da muka iso bakin titi, direba ya tsaya ya duba. Ya hangi wata babbar mota tafe daga wajen Shagari, amma da sauran nisa, sai ya taka totur. Maimakon mota ta zabura, sai ta shaƙe kamar za ta mutu, ga shi rabinta ya riga ya hau kwalta. Kowa ya ɗauki salati. Da ƙyar ta farfaɗo ta ƙetare.

Muka tambayi direban, ya ce wata biyu ke nan tana yi masa haka. Ya canja filogi, ya canja kwayil, ya sayi sabon famfon mai, duk a banza. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan. Daga baya wani bakanike ya duba, ashe abin da ya lalace wata 'yar roba ce a jikin kafireta, ba ta kai tafin hannun yaro ba. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. To, bari mu ga yadda a ke neman wurin.

Abin da ke faruwa a cikin inji

Tsofaffin a-kori-kurar da muka saba gani, da yawansu Peugeot ne, watau Fijo. A Faransa aka fara yin 404 a 1960, aka fito da 504 a 1968, sa'an nan aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975. Irin waɗannan suna aiki da kafireta. Motocin dizal da na zamani masu kwamfuta, tasu hanyar dabam ce, ba su mu ke magana ba yau.

Injin fetur yana bukatar abu uku: iska, da mai, da wuta. Kafireta ita ke dama iska da mai, kamar yadda uwargida ke dama fura. In an auna da nauyi, iska wajen kashi 15 ce, mai kashi 1. Filogi kuwa shi ke ba da wuta.

Sa'ad da mota ke tsaye inji yana juyawa a hankali, abin da direbobi ke kira silo, ƙofar iska kusan a rufe ta ke. Da an taka totur sai ƙofar ta buɗe, iska ta kwararo da yawa nan take. Mai ya fi iska nauyi, ba ya iya biyo ta da sauri haka. Kun ga an tuttula ruwa a fura ba a ƙara gari ba, ta zama tsararo. Domin maganin wannan, masu ƙira suka sa wani ɗan famfo a jikin kafireta. Duk lokacin da aka taka totur, ya kan tsarto ɗan mai ya cike giɓin. In bai tsarto ba, mota ta shaƙe.

Amma ba shi kaɗai ke kawo shaƙewa ba. Saboda haka a bi abin daki-daki, a fara da wanda ba ya cin kuɗi.

Yadda a ke dubawa

Na ɗaya, a lura. Yaushe ta ke shaƙewa? In da sassafe ne kawai, lokacin hunturu, in ta yi zafi kuma ta daina, wannan ba ciwo ba ne. A ja cok, a bar ta ta ɗumama. In kuwa ko da zafinta tana yi, akwai magana. A dubi salansa. Baƙin hayaƙi alama ce mai ya yi yawa. In kuma tana atishawa ta bakin kafireta, mai ne ya yi kaɗan, ko kuwa wuta ba ta zuwa a kan kari.

Na biyu, a buɗe matacin iska. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye ta kan toshe shi, inji ya kasa numfashi. A tsabtace shi, in ya mutu a sake wani. Kada a cire shi a yi ta tafiya haka, domin ƙura tana cin inji kamar yadda gara ke cin azara.

Na uku, a gwada ɗan famfon nan. A kashe mota tukuna. A cire matacin iska, a leƙa cikin kafireta, wani ya taka totur sau ɗaya da ƙarfi. Ya kamata a ga mai ya tsarto siriri, a miƙe. In ɗiga ya ke yi, ko bai fito ba sam, to, ko robar famfon ta tsage, ko ɗan bututun da mai ke fita ya toshe. Muna ja muku kunne: kada kowa ya kai fuskarsa bakin kafireta inji yana aiki, domin wuta ta kan yi tsalle ta fito. Mai shan taba kuma ya matsa nesa.

Na huɗu, a dubi man kansa. A zuba kaɗan a farar kwalba, a ajiye. In akwai ruwa ko datti, za a ga ya kwanta a ƙasa. Man da a ke saye a galan a bakin hanya, in tilas ta sa, a tace shi kafin a zuba. Ramin da mai ke bi lokacin silo ƙanƙane ne ƙwarai, ɗan tsaki guda ya isa ya toshe shi. A wanke shi da fetur, a hura masa iska. Kada a zura masa waya ko allura, domin ramin zai faɗaɗa, mota ta koma shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023 kowa ya san abin da lita guda ke ci a aljihu.

Na biyar, a nemi iskar sata, watau iskar da ke shiga inji ba ta ƙofarta ba. Zafin ƙasarmu yana busar da tiyon roba har ya tsattsage. Wani lokaci kuma kusoshin da suka riƙe kafireta ne suka kwance. A ta da mota, a kasa kunne. In an ji tana huci kamar kububuwa, a bi tiyo ɗaya-ɗaya. In aka toshe wurin da yatsa muryar inji ta sake, an kama ɓarawo. A yi hankali da fanka, kada ta kama hannun riga.

Na shida, a zo kan wuta. A kwance filogi a dubi bakinsa. Mai lafiya launin ƙasa-ƙasa gare shi. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Sa'an nan bakanike ya dubi kantak, ya daidaita lokacin wuta, abin da su ke kira taimin. Akwai kuma wani siririn tiyo da ya taso daga kafireta zuwa distiributa, shi ke sa wuta ta zo da wuri in an taka totur. In ya tsage ko ya fita, mota za ta yi nauyin tashi.

Gargaɗi

Abu ɗaya a ke gyarawa, sa'an nan a gwada mota. Wanda ya canja abu uku rana ɗaya, ko ta warke bai san wanne ne ya lalace ba, ya biya kuɗin biyu a banza. Direba ya ajiye ɗan littafi a mota, ya rubuta abin da aka canja, da ranar, da kuɗin. In za shi Sakkwato sayen kaya, ya tafi da tsohon a hannu, ya gwada lambarsa da ta sabon.

Mu kuma fasinja, in mun ji mota tana shaƙewa, kada mu azalzali direba ya yi tsere da babbar mota a bakin titi. Ya jira hanya ta yi sarari, gobe kuma ya kai ta wurin gyara. Allah ya kai mu gida lafiya.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne injin fetur ke bukata?
2. Me ya sa a ke kashe mota kafin a leƙa kafireta?
3. Don me ba a zura waya a ramin mai?