A Auna Faifan Sola Daidai da Batirin Gida



Naƙuda ba ta jiran wayewar gari. Idan ta taso da tsakar dare, abu biyu ake nema nan take: fitilar da za ta haska ɗaki, da wayar da za a kira mai mota zuwa asibiti. A gidaje da dama, dukansu sun dogara ne ga ƙaramin batir da faifan sola. In faifan ya yi wa batirin kaɗan, ranar buƙata za a tarar da shi babu wuta.

Ga yadda za ku auna kafin ku saya. Ku duba jikin batirin. Idan an rubuta 12V 7Ah, ku ninka 12 sau 7, za ku sami 84. Wannan shi ne yawan wutar da yake ɗauka. Batir mai dalma ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf, rabi kawai ake sha, wato 42. A ƙasashenmu ana iya lissafa awa 5 na rana mai ƙarfi kowace rana. Ku raba 42 gida 5, za ku ga ana buƙatar kusan wat 9. Sai dai zafi da ƙura da hazon hunturu suna rage ƙarfin faifai. Saboda haka mai wat 10 zai yi ta gazawa. Ku nemi mai wat 15 ko 20. Araha ba ta ado.

Kada ku haɗa faifai da batir kai tsaye. Ku sa kwantirola a tsakaninsu, domin cajin da ya wuce kima yana kumbura batir ya kashe shi. Ku kafa faifan inda babu inuwa, ku ɗan karkata shi kudu, kuna goge shi da tsumma mai laushi.

Idan batir ya mutu, kada a fasa shi a gida. Dalmar cikinsa guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara, ruwansa kuma yana ƙona fata da ido. Ku ajiye shi nesa da yara da abinci, har ku mayar wa mai sayarwa.

Kafin watan haihuwa ya kama, ku gwada fitila da waya, ku tabbata batir yana cika kullum. Allah Ya sauki matanmu lafiya.