Allon laftof ya fashe: yadda za ka ga BIOS a talabijin

Yau maganar laftof za mu yi, musamman saboda ɗalibanmu na Binyaminu Usman Polytechnic nan Haɗejiya da na Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da masu ɗan shagon buga takardu da rajistar JAMB.

Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Haɗejiya, Auyo da Guri ya san yadda ake kwashe kaya cikin gaggawa: jaka a ƙasa, buhun shinkafa a kanta. A irin haka allo ne ke fara fashewa. Sai ka ji wani ya ce kwamfutar ta mutu, ya sayar da ita kuɗin banza, da furojet ɗinsa a ciki. Alhali lafiyarta ƙalau, ido kawai ta rasa. Ka jona kebul ɗin HDMI a talabijin ɗin gida, ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi allo na biyu, aiki ya ci gaba.

To ina matsalar? Wannan dabarar sai Windows ta gama tashi take aiki. Kafin Windows akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin injin, ita ake kira BIOS, a sababbin kwamfutoci kuma UEFI. Ita ce mai cewa daga ina za a tashi, daga hadis ko daga filasha. Kuma a yawancin laftof, allon jikinta kawai ta sani. Ka danna maɓalli, BIOS ta buɗe, amma tana can a fasasshen allo, talabijin kuwa baƙi ƙirin. Ranar da Windows ta ƙi tashi kana son sake zuba ta daga filasha, ranar za ka san muhimmancin wannan. Ga shi kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0, wanda a wasu injinan sai an shiga BIOS ake kunna shi.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka jona talabijin, ka tabbata ka saita shi kan HDMI ɗin da ka sa. Samo kibod na USB, ko aro ne. Ka danna maɓallin kunnawa, nan take ka rufe murfin, sannan ka riƙa danna maɓallin BIOS a kibod ɗin waje. HP F10 ne, Dell da Acer da Asus F2, ThinkPad F1. Hikimar ita ce akwai ɗan maganaɗisu a murfin da ke shaida wa injin an rufe shi, sai da yawansu su tura hoto waje. Ba duka ba fa, amma ni da wannan nake cewa a fara.

In bai yi ba, bar murfin a buɗe, ka shiga BIOS a makance, sannan ka gwada maɓallin sauya allo: Fn da F4 a HP da yawa, Fn da F8 a Dell, Fn da F7 a ThinkPad. Idan tsohuwar kwamfuta ce mai ramin VGA, wannan shuɗin mai huji 15, gwada shi, domin tsofaffin BIOS sun fi jituwa da shi a kan HDMI.

Akwai ta ƙarshe, kuma a nan nake roƙon ku ku yi a hankali. Idan aka cire siririn kebul ɗin da ya haɗa allo da uwar injin, BIOS ba ta da wani zaɓi, yawanci sai ta koma talabijin. Amma wallahi kada a taɓa kebul ɗin nan batir na jone. Cire caja, cire batir, har na ciki in irin wanda ake ɓoyewa ne, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci. In ba haka ba fis ɗin hasken allo na iya ƙonewa, ka sayo sabon allo ka sa ya ƙi haske. Wanda bai taɓa buɗe laftof ba, ya kai wa mai gyara, ya faɗa masa ainihin abin da yake so: a cire kebul ɗin allo kawai. Wannan aikin mintoci ne, ba sai an hau mota zuwa Beirut Road a Kano ba.

Abu ɗaya kafin ka canza komai a ciki. In kwamfutarka na da BitLocker a kunne, taɓa TPM ko Secure Boot na iya sa ta nemi lambar ceto mai lamba 48. Shiga asusunka na Microsoft ta waya ka kwafe ta a takarda tukuna, furojet ɗinka kuma ka ajiye kwafinsa a filasha.

Wanda ya gwada, ya rubuto mana samfurin kwamfutarsa da hanyar da ta yi masa aiki, na gaba ya amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba.