Jawabi A Kan Ciwon Daji Na Tumbi Da Neman Alamarsa Cikin Jini

Jama'a, ciwon daji na tumbi mugun ciwo ne mai shiga a ɓoye. Da fari ba ya nuna kansa sai da ɗan ƙwannafi da kumburin ciki, mai shi ya zaci gyambon ciki ne, kafin a gane kuwa ya yi nisa. A shekarar 2020 mutum fiye da miliyan 1 suka kamu da shi a duniya, wajen 770,000 suka mutu. Don haka ne likitoci su ke neman wata alama cikin jini wadda za ta tona asirinsa da wuri.

Ga inda suka sa rai. A 1971 wani likitan Amurka, Judah Folkman, ya bayyana cewa ƙarin daji ba ya wuce girman ƙwayar gero sai ya sami jijiyoyin jini na kansa. Kamar yadda mai lambu ya ke jan ruwa zuwa fangalinsa, haka ƙarin ya ke sakin wani sinadari wanda zai sa sababbin jijiyoyi su tsiro su kawo masa abinci. A 1989 Napoleone Ferrara ya ware wannan sinadari, aka sa masa suna VEGF. Da aka auna jinin masu ciwon, sai aka tarar sau da yawa ya fi na masu lafiya yawa, musamman in ciwon ya bazu.

To, amma akwai cikas. Jiki kansa yana sakin sinadarin nan in an ji rauni ko wani wuri ya kumbura, gama da shi ne miki ya ke warkewa. Watau yawansa ba shaida ce ta ciwon daji ba, ƙarancinsa kuma bai wanke mutum ba. Shi ya sa har yanzu ba a dogara da wannan awo wajen gane ciwon. Duk da haka binciken bai tafi a banza ba, domin a 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wani magani, ramucirumab, mai toshe hanyar sinadarin ga waɗanda ciwonsu ya yi nisa.

Hanyar tabbatarwa ita ce likita ya zura siririn bututu mai fitila ta baki, ya duba tumbin, ya ɗebi ɗan nama a gwada. A Koriya ta Kudu a kan duba wanda ya kai shekara 40 duk bayan shekara 2, saboda haka su kan tari ciwon tun yana ƙarami.

Duk wanda ya ga yana ramewa ba dalili, ko yana ƙoshi da loma kaɗan, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, kada ya zauna jiran sabon awo, kada kuma ya tsaya shan kanwa. Lalle ya tafi asibiti tun da sauran dama. Allah ya ba mu lafiya, amin.