Benen Haya Da Unguwar Masu Hali: Laccar Da Aka Yi Wa Talakawan Gaya Da Ajingi

Dattawa, malamai, iyayenmu mata, 'yan kasuwa da samari, 'yan'uwana talakawan Gaya da Ajingi, ina gaishe ku da zuwa. Na san waɗansu rumfa suka baro, waɗansu gona, saboda haka ba zan tsare ku ba.

Maganarmu ta yau a kan wurin kwana ce, watau ƙin da masu hali ke yi a gina benen haya mai ɗaukar iyalai da yawa a cikin unguwanninsu. Watakila wani ya ce, mu da muke nan, ina ruwanmu da abin da ake yi a Nasarawa da Bompai? To, ga ruwanmu. A ƙidayar 1991 da ta 2006 an ga yadda muke ƙaruwa, har a ta 2006 aka sami mutum sama da dubu 200 a Gaya, sama da dubu 170 a Ajingi, gona kuwa tana nan yadda kakanni suka bar ta. Don haka da wuya ka shiga gida a Kademi ko Toranke ba ka tarar ɗansu ɗaya yana Kano ba. Su ne masu gadi, su ne direbobi da masu wanki da guga, su ne masu dako a Kantin Kwari da Singa da Dawanau. Ku tambaye su inda suke kwana. Wani a bakin shago, wani a kango, wani a soron mutane. Wanda ya yi sa'a shi ne ya sami ɗaki ɗaya a Mariri ko Rimin Kebe ko Tudun Murtala, su huɗu ko biyar suna karo-karon kuɗin haya, sa'an nan kuɗin a-daidaita-sahu ya cinye abin da ya rage.

Labarin kaka da kakanni kuwa ya nuna maƙeran Gaya ne suka fara sauka a gindin Dala suna neman tama, su ne Abagayawa. Ashe jikokin waɗanda suka fara hura wuta a Kano ne yau ba su da inda za su shimfiɗa tabarma a cikinta.

Ruwa ba ya tsami banza. Turawa sun ci Kano a 1903, suka sauka a Nasarawa, gabas da ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin baƙi. A 1917 Gwamna Lugga ya kafa dokar tsarin garuruwa, wadda ta ware wa Turawa unguwarsu, ta kuma ce a bar fili na yadi 440 tsakaninsu da baƙar fata, kada a yi gini a ciki. Dalilin da suka bayar shi ne sauro. Wai sauron da ya ciji ɗan talaka zai kai wa Bature zazzaɓi, wai kuma ba ya iya tashi ya wuce yadi 440. Amma fa kuku da boyi da mai kula da doki an gina musu 'yan ɗakuna a bayan gidan Baturen, kamar su sauro ba ya cizonsu. Filin gida ɗaya yakan kai yadi 100 a tsaye, yadi 70 ko fiye a kwance. 'Yan kasuwa, ku buga lissafi da fulotinmu mai ƙafa 50 da 50: gidan Bature ɗaya ya cinye fuloti 25.

Da aka sami mulkin kai a 1960, Bature ya kwashe kayansa, amma tsarin bai bi shi ba. Manyan ma'aikata da attajirai suka shiga gidajen, dokar fili ɗaya gida ɗaya ta zauna daram. Titi mai kwalta da famfo da lantarki da inuwar itatuwa, waɗanda aka yi da harajin gyaɗar iyayenmu, suka zama na mutane kaɗan. A 1978 aka yi dokar ƙasa wadda ta danƙa filayen birni a hannun Gwamna, ya riƙe amana domin jama'a duka. Ku riƙe wannan kalma, amana, za mu komo kanta.

Yanzu birni ya cika ya batse. Ana ta yanka manyan filayen nan ana sayarwa, waɗansu kuma suna tayar da benaye domin haya. Duk inda aka nufi yin haka a unguwar masu hali, nan ƙasar ko ƙetare, kukan da ake ji iri ɗaya ne: za a kawo cunkoso, ruwa ba zai isa ba, ɓarayi za su shigo, darajar gidajenmu za ta faɗi. Bari in kai ku Amurka, inda aka yi wannan rigima a fili har gaban alƙali, domin gani ya kori ji.

A jihar Niyu Jasi akwai wani gari, Mount Laurel. Baƙaƙen fata sun daɗe a wurin tun kafin masu kuɗi su zo. Da masu kuɗi suka zo, hukumar garin ta tsara doka yadda ba mai iya gini sai mai babban fili. Wata mata, Ethel Lawrence, ta ja gaba aka kai ƙara. A 1975 babbar kotun jihar ta yanke cewa garin da ke bunƙasa ba shi da ikon rufe ƙofa ga masu ƙaramin ƙarfi. Duk da haka aka yi ta jan ƙafa, har matar ta rasu a 1994 ba ta ga gida ko ɗaya ba. Sai a 2000 aka fara shiga gidajen, waɗanda suka kai 140, aka sa musu sunanta. Daga baya wani malamin jami'ar Princeton, Douglas Massey, shi da abokan aikinsa suka bi diddigi, suka fid da sakamako a 2013. Sata ba ta ƙaru ba, darajar gidajen maƙwabta ba ta faɗi ba, haraji bai hau ba, waɗanda suka shiga gidajen kuwa samunsu ya ƙaru.

Ga wani kuma na ban dariya. A 2021 jihar Kalifoniya ta yi doka ta yarda a raba fili ɗaya a yi gidaje har huɗu. Amma a 2022 hukumar wani garin attajirai mai suna Woodside ta ce ita wannan doka ba za ta yi aiki a wurinta ba, wai garin mazaunin wata dabba ce mai kama da damisa, kada a takura mata. Da babban lauyan jihar ya ja musu kunne, cikin 'yan kwanaki suka janye. Jama'a, Lugga ya fake da sauro, waɗannan sun fake da damisa. Fakewa da guzuma ke nan a harbi karsana.

Amma kada mu yi wa masu kukan nan zalunci, gama mu ba mu taru domin zalunci ba. A cikin kukansu akwai gaskiya guda uku.

Ta farko, leƙe. Ba wanda ke so a tayar da bene a gefensa, taga tana kallon tsakar gidansa inda iyalinsa ke sha'aninsu. Malamanmu sun karantar da mu a Risala cewa ana hana mutum buɗe tagar da zai riƙa ganin cikin gidan maƙwabcinsa. Wannan hakki ne na mai kuɗi da na talaka. Maganinsa yana hannun mai zanen gini: a juya tagogi wajen titi, a ɗaga su sama da kai, a kange baranda.

Ta biyu, ruwa da magudana. 'Yan kasuwar Kwari sun ga abin da ambaliya ta yi wa kayansu a watan Agusta na 2022, kuma kowa ya ji zancen gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. Wanda zai zuba iyali goma a inda iyali ɗaya ke zaune, lalle ne a tilasta shi ya yi kwata da masai da wurin zuba shara daidai da yawansu.

Ta uku, ginin ha'inci. A ƙarshen wannan wata na Agusta 2022 bene ya rufta a titin Beirut cikin Kano, a kasuwar waya. A 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya zube a Ikoyi ta Ikko, mutum sama da 40 suka mutu, mafi yawansu leburori. Wanda ya rage siminti da rodi, mu yake kashewa, domin 'ya'yanmu ne ke ɗaukar kwanon kankare.

To, ku lura. Dukan ukun nan gyara suke nema a wurin gini, ba ɗayansu da ya ce kada a yi ginin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In aka juya taga, aka haƙa kwata, aka sa rodi sosai, mutum ya ce har yanzu bai yarda ba, to mun gane abin da ba ya so. Yana son ka buɗe masa ƙofa da asuba, ka wanke masa mota, amma ba ya son ɗanka ya yi wasa a layinsu.

Wani zai ce, ai benen da ake yi a Nasarawa ba talaka ke kama shi ba, hayarsa ta fi ƙarfinmu. Gaskiya ne. Amma ku 'yan kasuwa kun fi ni sani, ranar da hatsi ya yi ƙaranci a Dawanau, a kasuwar Kademi ma mudu sai ya tashi. Ma'aikacin banki da likita in ba su sami wuri kusa da aikinsu ba, Hotoro za su koma su ninka wa mai gida kuɗi. Malamin makarantar da ke Hotoro ya matsa Mariri, ɗan dakon da ke Mariri ya koma bakin shago. Kowane ɗaki da aka hana ginawa a sama, na ƙasa ne ke biyan kuɗinsa.

Gwamnatoci sun gwada gina gidaje. An yi Kundila da Gwammaja a shekarun 1970. Tsakanin 2011 da 2015 an yi Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a bayan gari, gine-gine masu kyau, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai sayar da tumatir, da yawansu suka yi shekaru a kulle. Talaka kuwa ya koma wa awon igiya, inda dillali ke yanka gona ba titi ba kwata, ran da hukuma ta waiwayo sai a shafa jan fenti. Mafi muni shi ne abin da ya sami Maroko a Ikko a watan Yuli na 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki. An ba su kwana 7, aka rushe unguwar da aka ƙiyasta mutum dubu 300 ke ciki, yau wurin yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu mu komo gida. Gaya ma tana girma. Jami'ar Wudil tana kan hanyarmu tun 2001, dokar watan Yuli ta 2024 ta tsayar da masarautar Gaya da ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu, an kuma zana reshen layin dogo daga Kano zuwa Dutse ya bi ta ƙasarmu. Duk inda waɗannan suka sauka, fili yakan yi tsada, masu kuɗi su saye bakin titi su kewaye. Tun ran gini ran zane. Saboda haka ga abin da nake so mu ɗauka mu tafi da shi.

Na ɗaya, duk lokacin da za a yanka sabbin filaye a Gaya ko Ajingi, a kafe taswirar a sakatariya da ƙofar hakimi kowa ya gani, a haɗa manyan fuloti da ƙanana a layi ɗaya, kada a yi mana wata Nasarawa a nan.

Na biyu, mu gaya wa wakilanmu na majalisar jiha su nemi hukumar tsara birane, watau KNUPDA, ta yarda da benen haya a tsofaffin unguwannin Turawa bisa sharuɗɗan nan uku, sharaɗi ɗaya ga kowa, ba sani ba sabo.

Na uku, filin gwamnati da ke cikin gari, in za a ba mai gini, a rubuta masa cewa wani kashi na ɗakunan na masu ƙaramin ƙarfi ne, da haya ƙayyadadda. Amanar da dokar 1978 ta ambata ke nan.

Na huɗu, kada kowa ya sayar da gonar gado a bakin titi don an nuna masa kuɗi a jaka. Ku yi shawara da 'yan'uwa, ku nemi takardar mallaka tun yanzu. Ƙungiyoyin kasuwa kuma da na 'yan asalin Gaya da Ajingi mazauna Kano su yi adashi su mallaki fili, su gina wa yaranmu masauki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masu neman ƙuri'a za su zo, kamar yadda suka saba. Wanda duk ya tsaya a gabanku, ku tambaye shi a ina mai gadin gidansa yake kwana, nawa kuma yake kashewa kafin ya iso bakin aiki. In ya amsa, ku auna shi da amsarsa.

Allah ya ba mu wurin zama na mutunci, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.