Koyon tafiya bayan raunin kai

Mutum ya faɗi daga moto, kansa ya bugu, tafiya ta gagara. Sau da yawa ƙafafun lafiya lau suke. Umurnin ƙwaƙwalwa ne ba ya isa gare su sosai. Umurnin nan ta lakar gadon baya yake bi.

A 2018, a Lozan, ƙasar Suwis, likitoci sun bayyana cewa sun dasa wa mutum 3 masu raunin laka na'ura mai zaburar da ita da ɗan lantarki. Bayan watanni na horo, sun taka da abin dogarawa. Ga masu raunin kai, ana kan gwaji.

Horon kam, kuna iyawa. In likita ya yarda, ku tada majinyacinku zaune, sannan tsaye, mutum biyu na riƙe da shi. Kada ku jona masa wutar gida, tana kisa.