Tiyatar Zuƙe Kitse: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Kwanta Gaban Likita

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

 

Da Sakatare ya sanar da kan maganar da zan yi, na ga wasu sun yi murmushi, har na ji wani daga baya yana cewa wannan ai zancen mutanen Legas ne, ina ruwan mutumin Jega ko Aliero ko Maiyama da shi. Ni ma haka na ɗauka a da. Kuma tun farko bari in faɗa, ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai jujjuya fayil. Abin da ya sa na shiga wannan bincike, maganar ta shigo har cikin gidanmu, kuma ina kyautata zaton ta shiga gidajen wasunku, sai dai ba a faɗa muku ba, domin abu ne da ake yin sa a ɓoye.

Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna wata Lahadi cikin azumi, 23 ga Oktoba, 2005, da muka kewaye rediyo muna jin labarin jirgin Bellview da ya faɗi a ƙauyen Lisa na Jihar Ogun da mutum 117. Ba mu gama jimamin wannan ba sai aka ce matar Shugaban Ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a ƙasar Sifen, saura 'yan makonni ta cika shekara 60. A lokacin abin da muka ji kawai shi ne an yi mata aiki. Sai a 2009, da wata kotu a Malaga ta yanke hukunci, aka ji bayanin dalla-dalla. Aikin zuƙe kitse aka yi mata a wani asibitin kuɗi da ke yankin Marbella, bututun da ake aikin da shi ya zarce ya shiga cikin ciki, ya huda hanji da hanta. Kotu ta ɗaure likitan shekara ɗaya, ta hana shi aiki shekara uku, ta kuma sa a biya diyyar Yuro 120,000. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba hudar kaɗai ta kashe ta ba. Jinkirin da aka yi kafin a gane, da sa'o'in da suka wuce kafin a kai ta inda za a iya ceto ta, su ne suka ƙarasa aikin. To jama'a, wannan matar Shugaban Ƙasa ke nan, a Turai. Sai mu auna da 'yar'uwarmu da za ta haɗa kuɗin adashi ta tafi wurin wanda ta gani a waya.

Ita wannan 'yar'uwa, tawa ce. Ƙanwata ce, tana aure a Abuja, haihuwarta huɗu, kuma da izininta nake ba da labarin. Bara ta kira ni ta ce, "Yaya, ina son ka ranta mini kuɗi, amma kada ka faɗa wa Inna." Da na matsa, sai ta turo mini hotuna daga Instagram, mace kafin aiki da bayan aiki, da farashi, har da rangwame ga wadda ta biya kafin ƙarshen wata. An ce mata da safe za a yi, da yamma ta koma gida. Na so in yi mata faɗa, sai na ga idan na yi faɗa za ta nemi kuɗin a wani wuri, ta tafi ban sani ba. Sai na ce na yarda, da sharaɗin mu fara ganin ƙwararren likitan tiyatar gyaran jiki a asibitin koyarwa, ni da ita da maigidanta. Yawancin abin da zan faɗa yanzu a can na fara jin sa, sauran kuma na bi na karanta.

Shi wannan aiki, wanda Turawa ke kira laifosakshan, ba daɗaɗɗe ba ne. A shekarun 1970 likitoci a Italiya da Faransa suka fara shi, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Bafaranshe Yves-Gérard Illouz. A 1987 wani likitan fata na Amurka, Jeffrey Klein, ya bayyana dabarar da aka fi bi a yau. Ana ɗura ruwan gishiri mai yawa a ƙarƙashin fata, haɗe da maganin kashe zafi da wani mai tsuke jijiyoyin jini don rage zubar jini. Daga nan sai a ɗan tsaga fata, a zura siririn bututun ƙarfe, a riƙa tura shi gaba da baya yana farfasa kitse, inji yana zuƙewa. Ku lura, likita ba ya ganin bakin bututun nan da idonsa, da hannu yake jin inda yake. Tsakanin kitsen da ake nema da kayan ciki kuwa, bangon tsoka ne kawai. Malaminmu na bayoloji yana zaune a nan, ya zana mana wannan a allo muna ta hamma, ga shi yau ya yi rana.

Abu na farko da likitan ya faɗa wa ƙanwata shi ne, wannan ba maganin ƙiba ba ne. An yi shi ne don mutumin da nauyinsa ya kusa daidai, amma wani wuri ya ƙi sauka, kamar cinya ko kwiɓi. Likitocin Amurka suna ɗaukar duk abin da ya haura lita 5 a zama ɗaya a matsayin babban aiki, wanda ya kamata a kwana a asibiti ana sa ido. Haka kuma ba ya maganin ciwon suga ko na zuciya. A 2004 an buga wani bincike da aka yi a Jami'ar Washington da ke St. Louis, inda aka zuƙe wa mata 15 masu ƙiba kitse mai yawa, kimanin kilo 10 kowace, amma da aka sake auna su, ba a ga sugansu ko hawan jininsu ko kitsen jininsu ya gyaru ba. Dalili shi ne, kitsen da ke jawo waɗannan cututtuka yana can ciki ne, nannaɗe da hanji da hanta, inda bututu bai isa ya je ba. Saboda haka 'yan'uwana maza da nake hange a layin gaba, waɗanda babbar riga ke rufa wa asiri, ku cire rai. Tumbin ofis irin namu, na tuwon dare da zaman kujera da lemon kwalba, yawancinsa na ciki ne, ba mai zuƙe mana shi.

Da ya duba ta, sai ya ce, "Hajiya, abin da ke damun ki ma ba kitse ba ne sosai." Ashe haihuwa ce ta saki fatar cikin, tsokar kuma ta rabu a tsakiya, abin da ke samun mata da yawa. Da an zuƙe ɗan kitsen da ke wurin, da fatar ta ƙara yin yaushi ta zubo. Gyaran wannan wani aiki ne dabam, mafi girma, kuma ba a son yin sa ga macen da ba ta gama haihuwa ba. Wancan mai rangwamen kuwa bai taɓa ganin ta ba, hoto kawai ta tura masa, amma har ya sa rana.

Sai kuma aka zo awo, aka sami jininta ya hau, ita ba ta sani ba. Da aka tambaye ta magungunan da take sha, ta ce babu. Sai da likita ya sake tambaya da wata siga, ya ce har da na gargajiya da na islamik kemis da shayin rage ƙiba, sannan ta fara lissafi. A nan nake so mu tsaya kaɗan, domin wannan halinmu ne gaba ɗaya, ba a zancen kwalliya kaɗai ba. Mu a wurinmu magani shi ne wanda likita ya rubuta, sauran kuwa jiƙo ne ko tsimi ko haɗi. Amma jiki bai san wannan bambanci ba. Asfirin da wasu magungunan ciwon jiki suna tsinka jini, haka ma yawan tafarnuwa da citta idan ana shan su a matsayin magani, shi ya sa likitoci kan ce a dakatar da kayan gargajiya kamar mako biyu kafin aiki. Ƙwayoyin nan na sa ƙiba da 'yan mata ke saye a kemis, wasunsu suna ɗaga suga, su hana ciwo warkewa, kuma wanda ya daɗe yana sha, tsayar da su farat ɗaya ma haɗari ne. Ƙwayar tazarar haihuwa tana iya ƙara haɗarin daskarewar jini. Mai shan taba ko shisha ana so ya bari aƙalla mako huɗu kafin aiki. Mai sikila, mai asma, mai ciwon suga, wadda ke zaton tana da ciki, duk dole su faɗa. Idan an ce kada a ci abinci sa'a shida kafin aiki, to koko ma abinci ne, domin wanda aka sa barci yana iya amai ya shaƙe abin ya tafi huhu. Wannan duka ya shafi wanda za a yi wa aikin ƙaba ko na afendis ko na haihuwa.

Game da zaɓen likita, mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana ba. Daga nesa ake ɗauko mai karaya a kawo shi Aliero wurin masu ɗori, kuma ba wanda ke zuwa sai ya tambayi gidan wa za a je, wa ya gada, wa ya taɓa warkewa a hannunsa. Buhun albasa ma ba ma saye sai mun sa an buɗe mun ga na ƙasa. To me zai sa a ji nauyin tambayar wanda zai zura ƙarfe a jikin mutum? Kowane likita a ƙasar nan dole ya kasance da rajista da lasisin aiki na shekara daga majalisar kula da likitoci ta ƙasa, wato MDCN. Amma digirin likita kaɗai bai mai da mutum ƙwararren mai tiyatar gyaran jiki ba, sai ya ƙara shekaru yana horo ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararru ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, kuma suna da ƙungiyarsu mai suna NAPRAS. A tambaye shi kai tsaye. A tambayi wanda zai sa barci, shin ƙwararre ne, kuma zai tsaya har a gama? Akwai iskar oksijin da jini a ajiye? Idan abu ya ɓaci da ƙarfe biyun dare, wa za a kira, wane asibiti za a nufa, tafiyar minti nawa ce? Likitan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ni dai ba zan ba shi ƙanwata ba.

Kwanakin farko bayan aiki su ne masu haɗari. Kumburi da tsami da ɗigar ruwa daga wurin tsaga abu ne da aka saba, ana kuma sa matsattsiyar riga ta musamman na makonni, kumburin kan ɗauki watanni kafin ya sauka duka. Amma ciwon cikin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko zazzaɓi, ko numfashi sama-sama, ko ciwon ƙirji, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko jiri da ƙarar kunne da mutuwar leɓe, waɗannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Gudan jini ko ɗigon kitse na iya bin jijiya ya toshe huhu, maganin kashe zafin da aka ɗura kuma yakan kai ƙarshen ƙarfinsa a jini sa'o'i da yawa bayan an gama. A nan ne ɓoyon yake kisa. Wadda ta ce wa gida biki za ta, ta kwanta ita kaɗai a ɗakin otal a Alkahira ko Istanbul ko Legas, wa zai lura numfashinta ya canja? Ga kuma gaggawar hawa jirgi don kada kuɗin masauki ya ƙaru, alhali hukumar lafiya ta Ingila tana ba da shawarar a jira kwana 5 zuwa 7 bayan zuƙe kitse kafin a hau jirgi. Idan ta iso gida Maiyama ciwo ya ruɓe, sai a kwasa zuwa Jega, daga nan Birnin Kebbi ko Sakkwato, wurin likitocin da ba su san abin da aka yi mata ba, ba kuma takarda a hannunta.

Kada a fahimce ni cewa ina ƙyamar wannan fanni na likitanci. Duk wanda ya taɓa shiga Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ya ga yaran da ciwo ya cinye wa kunci da leɓe an gyara musu fuska har suna iya cin abinci da komawa makaranta, ya san darajar masu wannan aiki. Haka masu ƙuna da waɗanda aka haifa da tsagaggen leɓe. Hukuncin wanda ake yi don ado zalla kuwa, da bambancinsa da na gyaran lahani, ga malamanmu na addini nan, na bar musu, kuma ina roƙon shugabanni su ba su dama a taro na gaba. Ƙorafina ɗaya ga maza ne. Da likita ya tambayi ƙanwata abin da ya sa take son aikin, shiru ta yi ta dubi ƙasa, maigidanta ma ya dubi ƙasa. Ashe wasan da yake yi mata a kan cikin, wanda shi ya ɗauka raha ce, shekara biyu tana ƙunshe da shi.

Yanzu tana shan maganin hawan jini, tana zuwa wurin masu gashin ƙashi suna koya mata motsa tsokar ciki. Ba ta ce ta fasa ba, ta dai ce sai ta gama haihuwa, kuma idan za a yi, a asibitin da muka je za a yi, da sanin Inna. Kuɗin adashin kuwa firiza ta saya da su tana sayar da ƙanƙara.

Akwai 'yan'uwanmu a nan da suka yi kwalejin kiwon lafiya ta Jega, da likitoci biyu daga ajinmu, na roƙe su su tsaya bayan an tashi, ga kuma na'urar awon jini an kawo tana bakin ƙofa ga mai so. Shugaba, na ga kana duba agogo.